Baƙo a Kangon Ƙirji

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da buhun riɗi ya zamo daga saman lori
a kasuwar hatsi ta Gadarif,
ya sauka a haƙarƙarina na dama.
Ban ji ƙara ba. Numfashi ne kawai ya tafi,
yadda tayar amalanke ke sacewa da dare
ba wanda ya gani.

A Wad Madani suka tsaga ni,
suka zura tiyo tsakanin awazu.
Kwana tara ina sauraron kwalba
tana ɓulɓul a ƙarƙashin gado.
Aka ɗinke, aka ce huhu ya tashi,
je ka, Haladu, ka rage ɗaukar nauyi.
Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni.
Ɗan dako ya rage nauyi, ya ci me?

Sai na koma sito wajen Babikir.
Aiki mai sauƙi, in ji shi:
shara, da juya dawar da damina ta taɓa,
da tsince gyaɗar da ta yi fumfuna.
Ƙurar nan kore-kore mai warin tsohuwar rijiya,
na sha ta fiye da shayi.

Tabon ya kwanta lafiya.
Tabawa kan bi shi da yatsa cikin duhu,
ta ce ga hanyar jirgin ƙasa nan zuwa Sinnar,
yaushe za ka kai ni?

Bara, ina alwalar asuba,
na kurkure baki na tofar,
ruwan ya fito ja kamar zoɓo.
Na tura ƙasa da ƙafa na rufe.
Na rufe na Litinin, na rufe na Laraba,
ran Juma'a Tabawa ta riga ni zuwa wurin buta.

Aka ce tarin fuka ne.
Wata shida ina haɗiyar ƙwayoyi,
fitsari ya canza launi, tari bai canza ba.
Wando ya fara neman sabon mazugi.

Dakta Intisar ce ta ɗaga hoton ƙirjina a taga
don ba wuta ran nan.
Ta nuna rami daidai inda aka yi aikin,
a cikinsa wani dunƙule zaune,
iska ta yi masa jinjirin wata a ka.
Ta sa na kwanta ta gefe, aka sake ɗauka.
Abin ya mirgina,
kamar ƙwallon busasshiyar goruba a cikin ƙoƙonsa.

Ta faɗi sunansa da bakin likitoci, ya kuɓuce mini.
Na ce, ranki ya daɗe, fumfuna ce?
Ta ce kusan haka.
Na ce ai mun saba, tare muke aiki.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Nawa bangon an yaɓe shi tun tuni,
ashe an bar ɗaki a ciki ba kowa,
baƙo ya zo bai yi sallama ba,
ya shimfiɗa tabarma, yana cin haya daga jinina.

Hanya biyu ta ba ni:
magani na watanni, kuɗin tumaki uku,
mu kuwa biyu gare mu, ɗaya gurguwa,
ko a sake bin tsohuwar hanyar jirgin da wuƙa
a ɗebe ɗakin da mai ɗakin.
Na ce ta bar ni sai an gama girbi.
Ta dube ni, ba ta ce to ba.

Jiya na leƙa sito.
Yaron da ya gaje ni, Makau, yana kaɗe buhu,
ƙurar ta rufe shi har gira.
Na kwance rawanina na yaga biyu,
na ɗaura masa rabi a hanci.
Ya ce, Baba, zafi.
Na ce bar shi.

Da dare in na juya
sai in yi shiru in kasa kunne,
ko zan ji shi yana gyara kwanciya.